Garin da Ruwa Biyu ke Ci

Akwai wata safiya da nake yawan komawa gare ta idan na farka kafin gari ya waye, gida shiru, ba motsin kowa sai zakaran maƙwabta. Safiya ce ta ƙarshen watan Oktoba a ƙasar Italiya. Ina tsaye a bakin wani tsauni, hannuwa cikin aljihu saboda sanyi, a gabana hazo fari fat ya cika kwari har baki kamar an zuba kindirmo a ƙwarya. A tsakiyar farin nan wani ɗan gari yana zaune shi kaɗai: gidajen dutse sun cure wuri guda, hasumiyar coci ta ɗaga kai a tsakaninsu, ƙarƙashinsu kuwa ba abin da ido ke gani. Ba tudu, ba hanya. Sai ka ce da igiya aka rataye shi daga sama.

Da rana ta ɗan ɗaga, hazon ya fara janyewa, abin da ke ɗauke da garin ya fito fili. Wani dunƙulen tudu ne da aka gatsa ta ko'ina, kamar curin fura da yara suka yi wa rubdugu. Samansa ja-ja ne, a miƙe kamar bango. Ƙasansa fari-fari, duk ya tsattsage ya zama kwazazzabai. Baƙin da ke kusa da ni suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto, ni ma na ɗauka. Amma gabana ya ɗan faɗi, domin na hango gidajen da ke gefe, bangonsu da bakin ramin layi ɗaya suke.

Sunan garin Cibita, masu shi suna rubuta Civita di Bagnoregio. (Ranar da na faɗa wa yarana sunan, autarsu ta tambaye ni ko can ake yin lemon kwalin nan na Chivita. Ba can ba ne.) Yana lardin Biterbo, kimanin kilomita 120 arewa da birnin Rum. Jirgin ƙasa na shiga zuwa Orbiyeto, daga nan bas ta ratsa da mu gonakin inabi da zaitun zuwa Banyorejo, garin da a yau yake riƙe da kasuwa da ofisoshi da jama'a. Da can shi ne unguwar bayan gari, Cibita ce uwa. Tudu ɗaya ya haɗa su, ƙasar da ke tsakani ta yi ta zubewa har ta raba uwa da ɗa.

Yanzu gadar kankare ce ta haɗa su, tsawonta wajen mita 300, an gama ta a 1965. Mota ba ta hawa. Da ƙafa ake zuwa, bayan an sayi tikiti (Yuro 5 na biya a lokacin), kuma ƙarshen gadar ya miƙe sama har sai da na tsaya sau biyu ina yi kamar kallo nake, alhali numfashi nake nema. A da ƙofofi biyar garin yake da su, saura ɗaya, Ƙofar Santa Mariya. A jikinta an sassaƙa zakoki biyu da kawunan mutane a ƙarƙashin faratansu, don tunawa da yadda mutanen garin suka tayar wa gidan Monaldeski, masu mulkinsu daga Orbiyeto, a 1457. Sun kori azzalumi mai takobi. Wanda ya fi cin su bai taɓa zuwa da takobi ba.

Cikin garin kuwa, minti goma ya isa ka ratsa shi. Lunguna ne ƙanana, matakalai a wajen gidaje suna hawa zuwa bene, tukwanen furanni a kowace taga, ga kuliyoyi ko'ina suna shan hantsi, sun ma fi mazauna yawa, tunda masu kwana a garin duk shekara ba su wuce goma sha wani abu ba. Dandalin da ke gaban cocin San Donato ba a shimfiɗa masa dutse ba, turɓaya ce, kuma a nan ake tseren jakuna sau biyu a shekara, a Yuni da Satumba. Na yi dariya da na ji haka, jaki dai jaki ne ko a Turai. Cocin nan a da shi ne mazaunin bishof. Girgizar ƙasa ta 1695 ta jijjiga garin, a 1699 aka ɗauke kujerar zuwa Banyorejo, manya suka bi ta. A ciki akwai wani gicciye na katako tun na ƙarni na 15, wanda ake ƙetarewa da shi zuwa Banyorejo ranar Juma'ar tunawa da mutuwar Yesu, al'ada kuma ta ce dole a dawo da shi gida kafin tsakar dare.

Na bi wani lungu da na ga ya yi kyau, ina zaton zai kai ni wani dandalin. Ya kai ni ga wani ɗan guntun shinge, bayansa iska. Lungun bai ƙare don an gama gina shi ba, ragowarsa tana can ƙasan kwari.

A wani tsohon gidan masu hali da ke bakin dandali akwai ɗan gidan tarihi da aka keɓe wa duwatsu da zaftarewar ƙasa, a nan na fahimci abin da idona ya gani. Tun kafin a yi mutane a wurin, teku ne ya rufe yankin, ya bar yumɓu mai kauri. Daga baya duwatsu masu aman wuta da ke wajen tafkin Bolsena na yanzu suka yi ta feso toka, ta zauna a kan yumɓun, ta daskare ta zama dutse. Dutse ne mai kirki: yana yankuwa da gatari, yana ginuwa, yana riƙe ɗumi. Amma yumɓu idan ya sha ruwa laushi yake yi, ya sulale. Ruwa ya kwashe shi kaɗan-kaɗan daga ƙasa, dutsen da ke sama ya wayi gari ba abin da ya tokare shi, ya tsage daga sama zuwa ƙasa, wata rana ɓangare guda ya ɓalle da duk abin da ke kansa.

A nan labarin magina biyu ya faɗo mini, wanda Yesu ya rufe huɗubarsa ta kan dutse da shi a ƙarshen Matiyu sura 7. Tun muna makarantar Lahadi muka san shi: ɗaya ya yi gini a kan dutse, ɗaya a kan rairayi, ruwa ya zo ya raba gardama. Kullum kuma a layin mai dutse nake sa kaina, wa zai sa kansa a ɗaya layin? To ga mutanen Cibita. Ba mai ce musu wawaye. A kan dutse suka yi gini, da dutse suka yi shi, ya kuma riƙe su fiye da shekara 2,500, tun zamanin Etruskawa da suka riga Rumawa. Sai dai dutsen nasu shi ma ɗan haya ne, a kan laka yake zaune.

Luka da ya kawo labarin a sura 6 ya ƙara wani abu: sai da mutumin ya yi haƙa mai zurfi kafin ya sa harsashi. Bai yarda da taurin da ƙafarsa ta fara takawa ba. Na tsaya a bakin shingen nan ina lissafa abubuwan da nake kira dutse a rayuwata. Sunan gidanmu. Shekarun da na yi a kujerar dattawan ikilisiya. Yadda ake waiwayo ni idan ana neman mai addu'ar buɗe taro. Ba ƙarya ba ne ko ɗaya, duk suna da tauri, duk suna ginuwa. Amma tauri a sama ba ya faɗa maka abin da ke ƙasa. A labarin ma duka maginan biyu sun ji magana, a wajen aikata ta suka rabu, aikatawa kuwa a ƙasa take, inda masu gaisuwa ba sa leƙawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sunayen rafukan da ke cin tudun. Biyu ne, ɗaya ta wannan kwari, ɗaya ta wancan. Sunan ɗaya Riyo Torbido, wato rafi gurɓatacce. Sunan ɗayan Riyo Kiyaro, wato rafi garau. Da an bar ni da hankalina, gurɓataccen zan ɗora wa laifi, in wanke mai garau. Tudun bai san wannan bambanci ba. Duka biyun suna ɗiban yumɓunsa, kowa ta gefensa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, duba addu'o'inmu na safe. Kusan duka a kan gurɓataccen ruwa suke: ciwo, bashi, rashin aiki, kuɗin makaranta, maƙiyi na fili da na ɓoye. Daidai ne, Uba ne, wurin wa za mu kai kuka? Amma yaushe rabon da ka ji wani ya durƙusa yana roƙon a tsare shi daga ƙarin girma, ko daga yabon mutane, ko daga shekara guda cur ba ciwon kai a gida? Ni dai a kaina na gani. Lokacin da ɗiyata ta yi mako uku a gadon asibiti, ba wanda ya tashe ni da asuba, gwiwoyina sun san hanyarsu. Shekarar da aka ƙara mini matsayi na sayi mota, addu'ar safe ta fara gajarta. Daga durƙuso ta koma zama a bakin gado, daga nan ta koma cikin mota, hannu ɗaya a sitiyari, ido a kan 'yan acaɓa. Ba wani zunubi da mutum zai nuna da yatsa. Ruwan garau yake, kana ganin ƙasansa. Ci yake yi.

Etruskawa sun san abokin gabarsu. Sun haƙa magudanai a cikin dutsen don ruwan sama ya sami hanyar fita, sun kuma gyara bakin rafukan. Rumawa da suka karɓi yankin suka ci gaba da aikin. Bayansu ne aka yi sakaci, magudanai suka toshe, aka sare itatuwan gangare don noma, zaizaya ta sami sarari. Ruwan sama bai fasa sauka ba. Masu share masa hanya ne suka ragu.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan karatu ba sai an kai shi Italiya ba. A ƙauyenmu a ƙasar Zazzau, da an ga gajimare ya fara taruwa a gabas, Kaka zai sa a jingina tsani. A hau soro, a tsige ciyawar da ta tsiro, a cike tsaga, a shafe da makuba, a zura sanda cikin kowane indararo a fitar da sheƙar tsuntsu da busasshen ganye. Muna yara mun tsani aikin nan. Ba a yi maka barka a kansa, ba baƙon da zai shigo ya ce kai, wannan indararo ya sharu. Bayan rasuwarsa 'ya'ya suka watsu birane, kowa yana zaton wani zai je. Damina ta uku soron ya rufta. Ba a yi wata guguwa a shekarar ba. Ruwa ne ya kwanta a sama bai sami mafita ba, ya jiƙa azara, ta ruɓe a hankali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma kafin bango ya tsage akwai indararon da aka manta.

Aikin da ke riƙe da Cibita a yau ma irin wannan ne. Injiniyoyi sun haƙa rijiyoyi masu faɗi kusa da bakin tudun, sun ɗaure su da kankare, daga cikinsu suka zura dogayen ƙarafa suka ɗinke dutsen da ya tsage, suka buɗe wa ruwa hanya. An rufe bakinsu, baƙo zai taka ya wuce bai sani ba. Duk hotunan da aka ɗauka a garin ranar nan, na furanni ne da kuliyoyi da hasumiya.

Zaman addu'ar nan da muke yi da safe kafin hayaniya ta tashi, na daina ɗaukarsa ado. Zura sanda ne cikin indararo. Jiya ta zubo ruwanta, mai laka da mai garau: maganar da aka faɗa maka ta yi zafi ka haɗiye, yabon da aka yi maka ya yi daɗi ka ajiye a ƙirji kana shafawa. Ko wanne ya kwana bai fita ba, nema yake ya gangara ƙasa. Na farkon a fitar da shi ta gafara, na biyun ta godiya ga Mai shi. Ba ya ɗaukar awa guda. Yana dai son a yi shi yau, gobe kuma a sake.

A gefen garin akwai wurin da aka sa alama cewa nan gidan su Bonabentura yake. An haife shi a Cibita a farkon ƙarni na 13, ya yi karatu ya koyar a Paris, a 1257 ya zama shugaban 'yan'uwan da ke bin tafarkin Faransis na Asisi, ya rasu a Liyon a 1274. Gidan da aka haife shi kusan duka ya bi kwari. A 1259 ya rubuta wani ɗan littafi kan tafiyar zuciya zuwa ga Allah, inda ya sa matakin farko ya zama duban halitta kamar yadda maharbi ke duban sawu: ba sawun ake nema ba, wanda ya taka ake nema. Na yi tunanin yaron da ya tashi yana leƙa wannan kwari kowace safiya. Ba mamaki ya koyi karanta ƙasa.

Wani marubuci ɗan Banyorejo, Bonabentura Tekki, shi ya laƙaba wa Cibita sunan garin da ke mutuwa, sunan kuma ya bi ta. Abin mamaki, sunan ne yake ciyar da ita. Tun da aka fara karɓar kuɗin shiga a 2013 baƙi suka yi ta ƙaruwa, ɗaruruwan dubbai a shekara, har hukumar garin ta sauke wa mazauna wasu harajin gida. Ban san inda zan ajiye wannan a zuciyata ba, kuma ba zan yi kamar ni ba na cikin masu kallon ba, tikitina yana aljihu. Da hantsi ya yi, gadar ta cika maƙil, kowa yana juya wa garin baya don ya sa shi a bayan hotonsa. Mun biya kuɗi mu ga mutuwa daga inda ba za ta taɓa mu ba, mu ci gurasar da aka gasa aka zuba mata man zaitun, mu koma. Kamar namu tudun ba ruwan da ke cinsa.

A wani lungu da baƙi ba su cika bi ba na tarar da wata tsohuwa tana shara a ƙofar gidanta. Na gaishe ta da ɗan Italiyancin da na tsinta a hanya, ta amsa ba ta ɗago sosai ba. Ta gama da dokin ƙofa, ta sunkuya da ƙyar ta sa yatsu ta tsince ganyen da ya taru a bakin wata 'yar kwata da ke gindin bango, ta zuba a bokiti. Daga ƙofarta zuwa bakin ramin bai fi taku ashirin ba. Ta fi ni sanin haka. Na daɗe ina kallonta har na ji kunya na wuce.

Da rana na zaga ta ƙauyen Lubriyano da ke tsallaken kwari, inda ake ganin Cibita ta ɗaya gefen, da fararen tuddan yumɓu da ruwa ya feƙe kamar wuƙaƙe, ba abin da ke tsiro a kansu. A gangaren da itatuwa suka rage kuwa ƙasa tana nan daram, saiwa ta riƙe ta. Washegari na ga tafkin Bolsena, shuɗi, lumui, yara suna jifan ruwa a bakin ramin da ya taɓa aman wuta. A Orbiyeto na sauka rijiyar da aka fara haƙawa a 1527 bisa umarnin Fafaroma, zurfinta ya haura mita 50, da matakala biyu da suka naɗe juna don jakin da ke sauka kada ya yi karo da mai hawowa da ruwa. Duk sun burge ni. Amma hankalina yana wajen tsohuwar nan da bokitinta, da kuma wajen Yayana.

Ba mu taɓa yin faɗa da Yaya ba. Da ma mun yi. A rabon gonar Baba ya faɗi wata magana a gaban kawunnanmu, na yi shiru, aka ce na yi hankali. Shekara shida ke nan a lokacin. Muna gaisawa a biki da jana'iza, ina aika wa 'ya'yansa kayan Kirsimeti, ba wanda zai ce akwai wani abu. Ni kaɗai na san ban ƙara zama a zaurensa na sha ruwa ba. Kuma duk shekarun nan ina tsayawa gaban jama'a ina jagorantar addu'ar da muke roƙon a gafarta mana kamar yadda muke gafartawa, bakina bai taɓa sarƙewa ba.

Ya Ubangiji, ga ni da safiyar nan. Kai ka san abin da ke ƙarƙashin abin da mutane ke gani. Ka nuna mini inda ruwa ya kwanta a cikina, na ɓacin rai da na jin daɗi, ka ba ni ƙarfin sunkuyawa in tsince abin da ya toshe hanya. Kada ka bar ni in dogara da taurin sunana. Ka haƙa da ni har mu kai gare ka. Ka tuna da masu kwana a bakin kwazazzabai a garuruwanmu, waɗanda damina ke ci musu gida da gona, ka ba masu iko zuciyar gyara tun ruwa bai sauko ba. A cikin sunan Yesu, amin.

A tashar jirgin Orbiyeto na ciro waya. Na duba lambar na mayar aljihu, na sayi kofi, na sake cirowa. Ta yi ta ƙara har na fara jin sanyi a raina cewa ba za a ɗauka ba. Sai muryar matarsa.

"A'a, Baban Auta, kai ne? Lafiya dai ko?"

Na ce lafiya lau, gaisuwa ce kawai. Ta ce Yaya ya tafi gona tun da sassafe, ana yankan dawa, ya bar wayar a caji. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "In ce ka kira, ko za ka sake kira?"

Na ce zan sake kira da yamma. Jirgin Rum ya shigo, na ɗauki jakata.